Lissafin Iska

Takardar da kamfani ya liƙa a gilashi
ta ce lita takwas a kilomita ɗari.
Ina jin a ɗaki aka auna,
ɗakin da ba tudu, ba tsakuwa,
ba abin da ke gangarowa daga ƙanƙarar duwatsu.
Ban ce maƙaryaci ne ya rubuta ba.
Santa Cruz ce bai sani ba, da halin wannan hanya.

Ni Delfina Oyarzo, shekara goma sha tara
ina kai allurar tumaki gidajen makiyaya
a farar a-kori-kura mai shan dizal,
daga Gobernador Gregores har inda waya ke daina ji.
Akwai littafi a aljihun ƙofa, bangonsa ya sha maiƙo,
shi nake buɗewa in ina neman gaskiya.

Ga wata Talata. Na nufi yamma, iska na dukan goshi:
goma sha uku da ɗigo huɗu.
Laraba na juyo tana ingiza ni
kamar baƙon da aka gaji da shi:
bakwai da rabi.
Mota ɗaya, ƙafa ɗaya, rami ɗaya na kauce wa sau biyu.
Jiya na ba ta fuska ne, yau na ba ta baya.

A Yuli sanyi kan sa mai ya yi kauri.
Minti goma injin na tari a ƙofar gida,
ban motsa ko taku ba, allura ta motsa.
Wannan a wane layi za a rubuta shi?
Na buɗe masa nasa, na sa masa suna
harajin safiya.

Ƙanena Evaristo ya sayi sabuwa bara,
mai allo a gaba da ke faɗa masa lamba.
Ya ɗora mata akwati a ka, ya sa mata manyan tayoyi,
ya ce littafina kayan tsofaffi ne.
Allon ya ce saura kilomita tasa'in.
Iska ba ta iya karatu ba.
Ta tsayar da shi inda ake hango rufin Tres Lagos,
kuma ko ya isa, famfon garin ya bushe sai Juma'a.
Na same shi ya ƙudundune cikin bargo, guanako uku na kallonsa.
Na miƙa jarka ban ce uffan ba,
sai da na sha kwana na saki dariya.

Na koyi abubuwa, ba lokaci ɗaya ba.
Tamanin ta fi ɗari da goma arha.
Taya mai yunwar iska ɓarauniya ce marar sawu.
Buhunan gishirin lasa shida a baya
sukan ci rabonsu a kowane hawa,
ko da yake ba su da baki.
In ƙafa ta yi haƙuri, tanki kan kai ni gida lafiya.

Amma akwai shafi guda, Agusta, daren Lahadi.
Doki ya danne tsoho Hilario Quilodrán a bakin shinge,
numfashinsa na fita da ƙyar, matarsa ta tallafe kansa a kujerar baya.
Na taka har ƙasa. Iska a goshi, na ce yau sai dai ki yi.
Allura na zubewa ina gani,
ban rage ba, ban ƙirga ba.
Goma sha bakwai da ɗigo tara.
Babu lamba mafi muni a littafin nan kaf.
A gefenta sunansa kawai na rubuta.
Da bazara ya aiko mini da cukwi, da fatar tunkiya.

Takardar kamfani tana nan, rana ta cinye rabinta.
Takwas ɗin ce kaɗai ta rage, na bar ta.
Gobe da asuba Bajo Caracoles.
Na leƙa waje: ciyawa duk ta kwanta gabas.
Bari in ƙara jarka ɗaya.