Tukunya Ɗaya a Bakin Pamba

Shekara talatin da ɗaya muna shari'a
da cocin da ke tsallaken titi
a kan makullin maƙabarta.
Ni Eliyamma, mai dafa wa fada abinci,
in na hango Sosamma a kasuwar kifi
sai in duƙa ina gyaran takalmin da bai tsinke ba.

Sai kogin Pamba ya tashi cikin dare.
Bai tambayi kowa inda aka yi masa baftisma ba.
Ya shiga cocinmu ya kwashe bencina,
ya shiga nasu ya kashe kyandir,
ya bar wa 'yan Fentikos ganga ɗaya
tana lilo bisa ruwa kamar ƙwarya.

Kafin gari ya waye masunta sun iso daga bakin teku,
'yan Katolika, carbi a wuya, jirgi mai shuɗin fenti.
Wanda ya saɓe ni a kafaɗa, Silbesta.
Na ce, ɗana, ni fa 'yar Otodoks ce.
Ya ce, Inna, riƙe kaina da kyau,
tun jiya nake ɗauka, nauyinku ɗaya.

A benen makarantar sistoci aka zube mu,
mutum ɗari biyu da 'yan kai, da awaki huɗu.
Tukunya ɗaya ta tsira, tawa ce.
Risho ɗaya ya tsira, na Sosamma.
Gaba ba ta dafa shinkafa.
Ta kunna, na zuba, babu mai cewa uffan,
har ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska,
ta ce gishiri bai ji ba.
Rabon da in ji muryarta kusa haka
tun kaina bai san furfura ba.

Fada Kuriyakos ya naɗe doguwar rigarsa yana jan bokiti.
Fasto Tankachan na ƙirga ƙwayoyin masu ciwon sukari
a murfin kwali,
Sista Filomina na rubuta sunaye,
ba ta bar gurbin ɗarika a takardar ba,
ta ce biro ya kusa ƙarewa.

Ran Lahadi aka yi ta.
Wa zai tsaya gaba? Ina ne gabas?
Turarenmu ya jiƙe, ya ƙi kamawa,
'yan Fentikos na son tafi, mu muna son shiru.
Batun Jibin Ubangiji kuwa, ba zan yi muku ƙarya ba,
kowa ya riƙe nasa.
Muna cikin haka tsoho Awusef, daga kan tabarma,
ya fara addu'ar nan da kowa ya sha a nono.
Ɗaki ya ɗauka.
Da aka zo wurin yafe wa juna
na zuba wa siminti ido.
Da na saci kallo, Sosamma ma siminti take kallo.

Talata da yamma Awusef ya cika.
Maƙabartar da muka ƙarar da kuɗin lauya a kanta
tana ƙarƙashin ruwa gaba biyu.
Makullin na aljihun wani,
ƙofar kuwa ta kama hanyar teku.
Dattawan cocin Mar Toma, na kan tudu, suka aiko:
ku kawo shi, ƙasa ba ta ƙi baƙo.
Limamai uku suka tsaya a bakin rami,
lema ɗaya, kowa kafaɗarsa guda a jiƙe.

Ruwa ya janye, ya bar mana laka har gwiwa.
Mun wanke cocinsu ran Litinin, sun wanke namu ran Laraba.
Shari'a tana nan, kada ku ce na ce an gama,
alƙali ya ɗaga ta zuwa watan Maris.

Amma duk Juma'a tukunyata na hawa keke
zuwa ƙofar asibitin gwamnati.
Silbesta kan aiko da kifi,
fasto da itace, sistoci da kwanuka.
Sosamma ke riƙe ludayi.
Har yau, in ta ɗanɗana,
sai ta ce gishiri bai ji ba.