Direban da Ba Ya Zama a Kujera

A Garwa, kusa da gadar Binuwai,
akwai ɗaki mai rufin kwano, ba taga.
A ciki akwati, a cikin akwatin allo
wanda bai cika tafin hannuna ba.
Aikinsa ɗaya: ya auna ruwan kogi,
ya faɗa wa ofis ta igiyar waya.
Yau kwana uku ya yi gum.

Na tsuguna, kwamfuta a cinya,
zufa na ɗiga a kan haruffa.
Baffa Hamajoda mai gadi ya leƙo:
"Jaratu, me ya lalace?"
Na ce direba.
Ya dubi akwatin, ya dube ni.
"To, ina yake zama?"

Ban yi dariya ba.
Ubana direba ne, shekara ashirin da shida
tsakanin nan da Ngaundere,
auduga in za shi, siminti in zai dawo.
Wannan ma ɗan dako ne, sai dai da rubutu aka gina shi:
ya ɗauko kaya daga cikin allo,
ya sauke a bakin waya
ƙunshi-ƙunshi, kowanne da adireshi a goshi.

Na tashe shi.
Ya farka yana ƙirga gaɓoɓinsa,
da ya iso kan waya ya ce: ban tarar da kowa ba.
Na bi sawunsa layi-layi har hantsi ya dubi ludayi.
Ashe sallama yake a ƙofa ta ɗaya,
mai gidan kuwa yana ta bakwai.
Wani, can wata ƙasa, ya sauya lambar
bai gaya wa kowa ba.
Na goge ɗaya, na sa bakwai,
na kashe, na kunna,
na riƙe numfashi.

Koriyar fitila ta kama.
Ƙanwarta mai ruwan ɗorawa ta hau ƙifce.
Na aika gaisuwa ofis,
amsa ta dawo kafin in haɗiye yawu.
Baffa ya ce, "Shi ke nan, a rufe?"
Na ce tukuna.
Motar da ta tashi a tasha
ba ita ce motar da ta isa ba.

Sai na zauna gadin lambobi:
waɗanda suka fita, waɗanda suka shigo,
da layi na uku, na waɗanda suka faɗi a hanya.
Sifiri. Sifiri.
Bayan azahar injin famfo ya yi kaki, ya tashi,
sifirin nan ya zama tara,
ya zama ɗari uku da wani abu.
Koriya ta mutu, ta dawo, ta mutu.
Igiyar doguwa ce, ga tsufa,
ga ta kwance jikin bangon injin
tana shan hayaniyar da ba tata ba.
Sabuwar igiya? An rubuta takarda tun bara.

Na tuna gangaren dutsen Ngaundere,
ina yarinya a gaban mota,
hannun ubana a kan giya,
ƙananan motoci na wuce mu da ham,
shi ko ko a jikinsa.
A ƙasa mukan tarar da wasunsu,
tayoyi na kallon sama.

Na ce wa direban:
in ka je ciniki da na can gefen,
kada ka taya ɗari. Taya goma.
Kayanka lamba ce guda a minti,
ina kake sauri?

Ya taya goma. Aka sallama.
Injin ya ci gaba da rurinsa,
layi na uku ya tsaya inda yake
kamar an ɗaure.

Magariba. Masu kwalekwale na jan koma,
masu shinkafa a fadama na wanke ƙafa,
ba wanda ya san sunan allon nan a cikinsu.
Mita huɗu da 'yan kai, ya ce wa ofis,
kuma yana hawa.

Baffa ya miƙo shayi.
"Direban naki ya kama hanya?"
Na ce ya kama, Baffa, a giya ta ɗaya.
Na sha rabi.
Idona bai bar koriyar ba.