Gangaren Hamajoda

A Garwa, bayan gidan kallon Bappa Sali,
akwai tarin yashi da tifa ta juye
shekarar da mai ginin ya karye.
Yashin ya zauna,
mu ma muka zauna a kansa.

Shiga dala ashirin ce.
Mu da aljihu ya huje
daga sama muke leƙe ta kan zana:
rabin allo, rabin hular wani,
da ƙwallo 'yar mitsitsiya kamar lemun tsami
tana kai da komo bisa raga.

Lissafinsu ya fi ƙarfinmu.
Sha biyar, talatin, sai kuma arba'in?
Hamajoda ya ce mai tauye mudu ne ya ƙago shi.

Da fari Tudun Ba-Sisi muke ce masa.
Ran da Hamajoda ya daka tsalle a bugun ƙarshe
ya mirgina har cikin farantin gyaɗar Dada Asta,
suna ya sauya.

Wani dare aka hasko mana can Turai:
tudu mai ciyawa, jama'a maƙil,
su ma a waje, su ma allo suka zuba wa ido.
Muka yi tsit.
Bakari ya miƙe, ya ɗaga musu hannu:
"'Yan uwa, ku ma babu?"

Bana mai ginin ya farfaɗo.
Kwana uku, yashinmu ya zama katanga.
Amma tare ɗan moto,
ka ce masa Gangaren Hamajoda.
Ba zai tambaye ka hanya ba.