Matakala ta Arba'in

Matakala ɗari da sha bakwai ne
daga kasuwar kifi ta Valparaíso zuwa ƙofar Herminia.
Da can takan haye su da kwando a hannu, tana waƙa.
Yanzu a ta arba'in ƙirji ke cafke ta,
kamar an ɗaure shi da igiyar jirgin ruwa.

Shekara tara da jinin al'ada ya yi mata sallama.
Sun zura waya ta hannunta, sun leƙa manyan jijiyoyin zuciya.
Fes, in ji su, kamar titin da aka share da asuba.
"Damuwa ce kawai. Ki rage kofi."

Dakta Fresia ce ta girgiza kai.
Manyan tituna ba su ne gari ba, ta ce.
Akwai lunguna, sirara fiye da gashin gira,
hoto ba ya shiga can.
Amma abin da ya faru a lungu, jini ya ji,
jini kuwa bakinsa ba ya riƙe sirri.

Kwalba biyu. Inji ya juya su har suka rabu,
rawaya a sama, ja a ƙasa.
Ana neman sawun kumburi,
wasiƙar da ƙananan jijiyoyi suka aiko tun bara
ba wanda ya buɗe.

Ranar Alhamis lamba ɗaya ta haura layi.
Sai an ƙara gwaji, in ji likita.

Herminia ta ninke takardar cikin aljihu mai ƙarnin kifi.
A ta arba'in ta tsaya, ta dafa ƙirjinta:
"Ashe ba ƙarya kake yi ba."