Gurmin Ilu

Kwana ɗari da tara ke nan, Ilu,
ban haɗiyi ko rabin ƙwaya ba.
Ina zana su da gawayi a bangon zaure,
Inna na tsammanin bashin mai garuwa ne.

Kai ka koya mini kabu-kabu,
kai ka fara ɓare mini taramol
a bakin Kasuwar Dole, ka ce,
"Haɗiye, rana ba za ta gan ka ba."
Ta gan mu.
Ta gan ka kwance bayan tasha,
kumfa a baki, takalmi ƙafa ɗaya.

Ba ka bar komai ba sai gurmi,
shi ma tsirkiya guda ta tsinke.
Na ɗaura masa wayar birkin babur ɗinka.
Muryarsa ta dushe, irin taka da asuba.

Bayan isha'i abin ke zuwa:
ƙashi na ƙaiƙayi, baki ya yi ɗaci,
ƙafa ta san hanyar teburin Nomau
fiye da ta masallaci.
Sai in hau duwatsun Birni
in ba yatsu aiki.
Hannun da ke kan tsirkiya
ba ya laluben aljihu.

Ban iya ba. 'Yan fada na dariya,
wai kiɗana karnuka yake kora.
Su yi ta yi.
Jiya na kamo rabin taken nan naka,
na tsaya daidai inda tari ke tsayar da kai.
Na yi kuka har wutar Zango ta ɗauke,

sannan na sauko a duhu,
na gai da Nomau, na wuce,
na ƙara layi ɗaya a bango.