Ƙwayar Shinkafa

Ni na fara tare jifan Eusebio
a bayan injin matsar rake na Consuelo,
kwalin madara naɗe a tafina,
ƙwallonmu tsohuwar safa ce da dutse a cikinta.
Shekarunsa tara. Tun ranar
tafin hannuna ya ba ni labari:
akwai wuta a damtsen yaron nan.

Shekara goma sha bakwai ta wuce.
Waya ta yi ƙara ana tsuga ruwa.
Bakwai, yaya, kwantiragin shekara bakwai!
Ya faɗi kuɗin, na ce maimaita.
Ya maimaita. Mama Celenia ta zube kan buhun wake,
ta rufe fuska da bakin riga.
Saura gwajin likita, in ji shi,
al'ada ce kawai.

Al'ada.
A Ohio suka zura shi cikin farin bututu,
inji na ta ƙwanƙwasa kamar maƙeri ya makara.
Hoto ya fito. A jijiyar gwiwar hannun dama
ga wani ɗan duhu,
bai fi ƙwayar shinkafa ba.
Ba ya ciwo. Bai taɓa ciwo ba.
Ko shekaranjiya ya jefa mil casa'in da takwas,
mai riƙe da sanda ya daki iska.

Amma akwai wata mata a Hartford,
Misis Dunleavy, hawa na sha ɗaya,
sana'arta sa wa abin da bai faru ba farashi.
Ba ta taɓa jin ƙarar ƙwallonsa ba.
Ta jero hannaye dubu da suka riga nasa,
ta ƙirga waɗanda suka tsinke,
da shekarar da kowanne ya tsinke,
ta kurɓi shayinta, ta rubuta:
Inshora ta ɗauki shekara uku.
Ta ɗauki baya, ta ɗauki idon sawu, haƙarƙari, ido.
Gwiwar hannun dama, ban da ita.

Ka ji mai lamuni:
ya tsaya wa ƙaho, ya tsaya wa wutsiya,
hantsa kuwa ya ce babu ruwansa.

Masu kulob suka ce ba ƙin ka muka yi ba,
amma wa zai biya hannu a rataye har shekara huɗu?
Bakwai ta koma uku.
Ta huɗu tana nan, in ya cika zagaye ɗari da tamanin.
Ta biyar kuma, in wuƙar likita ba ta san shi ba.
Dillalinsa ya yi ta kumfar baki kwana shida,
ran na bakwai ya miƙa masa biro.

Ni tawa kafaɗar ta mutu ina sha tara,
ran wata Talata, a filin atisaye.
Ba hoto, ba takarda, ba mata a Hartford.
Kuɗin mota aka ba ni, da jakata.
Shi ya sa ba na zagin Misis Dunleavy.
Abin da ta lissafa da alƙalami
ni da shi nake kwana in an yi sanyi.

Ya zo gida a Disamba.
Shafi na sha huɗu ya hana shi babur,
ya hana shi gasar hunturu,
ya hana shi hawa rufi ya gyara wa Mama kwano.
Bai ce komai ba game da bayan injin rake.
Na tsuguna. Safar fata ce yanzu, sabuwa, tana wari.
Ya jefa. Wutar tana nan.
Ya sake.
Na ashirin ta wuce ta gefen kunnena ta faɗa cikin rake.

Yaya, ya ce,
daina kallon gwiwar hannuna.
Kalli ƙwallo.