Ƙarfen Rumfar Shanya

A bayan ɗakin kwananmu, inda muke shanya,
akwai ƙarfen da ya tallafi rumfa.
Fentinsa ya ɓare. Ba mai kula shi
sai igiyar da aka ɗaura masa a wuya.

Falmata ce ta fara.
'Yar Gure ce, lissafi take karantawa.
Ta gani a waya, ta ce, "Mene ne a ciki?"
Ta kwance igiya, ta goge ƙarfen da toka,
ta zura wandon ƙanenta,
ta kama, ta juya sau ɗaya,
ta faɗa kan bokitin Hurera.
Muka yi dariya har da riƙe ciki.
Washegari mu huɗu muka zo.

Ni ce wadda ba a san muryarta ba a aji.
Shekara guda ina layin baya.
In malam ya kira sunana
sai harshena ya zama busasshiyar kuɓewa.
Na ɗauka ƙarfen ma zai gane ni,
ya ƙi ni.

Bai ƙi ni ba, bai kuma so ni ba.
Ƙarfe bai san 'yar wa ce ke ba,
ba ya tambayar maki nawa kika ci,
ko kuɗin tallafi sun sauka.
Abin da hannunki ya kai masa
shi zai mayar miki.

Da rana ba ya taɓuwa.
Zafin Damagaram yana shiga cikinsa
kamar yanzu aka zaro shi daga maƙera.
Sai bayan lisha, in an ɗauke wuta,
mu rataya zane a ƙofa,
Tsahara ta haska mana da waya,
tana gadi, tana ɓarar gyaɗa.

Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta.
Da na je hutu Mirriya
inna ta kama shi, ta juya, ta sake juyawa:
"Daka kuke yi a jami'ar, ko noma?"
Na ce, "Kusan haka, inna."

Wata uku ƙafata ta ƙi rabuwa da ƙasa.
Falmata tana cewa, "Saki."
"In na saki fa?"
"Ki faɗi. Yashi ne, ba rijiya ba."
Na faɗi.
Na ƙirga har sittin da wani abu, na bar ƙirga.
Ga ruwa ya yi tsada,
da rabin bokiti nake wanke gumi da yashi da haushi.

Daren da na kai sama ban shirya ba.
Kawai na ji kwano ya taɓa ɗankwalina.
Ta saman katanga na hango duwatsu
sun durƙusa a farin wata kamar raƙuman fatake,
da fitilar wani ɗan kabu-kabu
yana komawa gida shi kaɗai.
Na maƙale da cinya, na saki hannu ɗaya,
na juya a hankali,
garin ya juya tare da ni.
Hurera ta fara guɗa, Tsahara ta toshe mata baki.

Ranar Talata aka kira ni gaban allo.
Gwiwata ta yi rawa, ba zan ɓoye ba.
Na damƙe alli, na ji kantar nan a tafina,
na ce a raina: yashi ne.
Na yi magana minti goma sha biyu.
Wani a layin gaba ya waiwaya
yana neman inda muryar ta fito.

Kullum kafin asuba muna mayar da igiya,
mu rataya hijabai da zannuwa.
Jiya tsohon mai gadi ya tsaya da butarsa,
ya daɗe yana duban ƙarfen,
ya ce, "Ikon Allah.
Duk ƙarafan gidan nan tsatsa ta ci su,
wannan kaɗai yake ƙyalli."